Ranar da Ofisa Ya Yi Kiwon Motoci

A layinmu babu wanda ya taɓa tambayar Ofisa ra'ayinsa game da cunkoson motoci, amma hakan bai hana mu samunsa kullum da yamma ba. Malamin dabbobi ne da ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a karkara, yana bin shanu da allura. Da ya yi ritaya 'ya'yansa suka lallaɓa shi ya dawo birni. Ya taho da matarsa Malama, tsohuwar malamar makaranta, da sandar kiwo, da wata a-kori-kura da yake kira Guzuma.

Masu dogon tunani sun ce Guzuma shuɗiya ce a da. Ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta. Tun da ta iso take fake a ƙofar gida, rabinta ya tare shagon Tela, har masu kawo ɗinki suka saba shiga a karkace.

Da la'asar ta yi sanyi Ofisa zai jawo benci gaban shagon Mai Kyamis, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, ya fara.

"Ku ba ku san tuƙi ba. Zama kuke yi a cikin mota. Tuƙi shi ne ka fito da sanyin safiya, raɓa ba ta bushe ba, hanya ta miƙe tsakanin gonaki ba kowa sai kai da tsuntsaye. Gwiwar hannunka a taga, iska tana kawo maka ƙamshin ƙasa. In ka haɗu da wata mota ku ɗaga wa juna hannu. In hira ta yi daɗi ku kashe inji a tsakiyar hanya, ba wanda zai ce muku ƙala."

"To nan ma ai ana kashe inji a tsakiyar hanya," in ji Mai Kyamis. "Gaisuwar ce dai ta bambanta."

"Abin da kuke kira gosulo ba ciwon hanya ba ne. Garke ne da ba makiyayi. Ni da na shekara da shekaru ina kallon shanu a mashaya, kallo ɗaya na yi wa shataletalen can na gane komai. Kowane garke yana da bijimin da ake bi. Ka juya shi, saura su biyo kamar an ja su da zare. Kuma ba a danna wa garke oda. Oda firgita dabba take yi."

"Fitilun hanya fa, Ofisa?"

"Ka taɓa ganin saniyar da ta tsaya don an kunna mata ja?"

"Ban taɓa ganin mai lasisi ba ma."

Da an bar maganar a kan benci da har yau ana girmama ta. Sai dai wata safiya Malama ta kira dillalin motoci. Dillalin ya zagaya Guzuma, ya buga tayar baya da ƙafa, wani ƙarfe ya faɗo daga ƙasa. Ya ɗauka, ya miƙa wa Ofisa da hannu biyu, kamar mai ta'aziyya.

"Malama, me ke nan?" in ji Ofisa.

"Baban yara, motar da ba ta zuwa ko'ina shara ce mai taya. Tela ya gaji, ni ma na gaji da ba shi haƙuri."

"Motar da ta ƙetare rafuka kina ciki? Kin manta?"

"Ban manta ba. Ni na tura."

A makon ne Malama take da ganin likitan ido a can ɗaya gefen birni. Idanunta sun yi rauni har takan gaida rigar da aka rataye a ƙofa, kuma ta yi watanni tana jiran layinta ya zo. Wanda aka kira sunansa ba ya nan, sai ya koma ƙarshe. 'Yarsu ta ce za ta turo tasi. Ofisa ya ji kamar an mare shi.

"Tasi? Ina raye, Guzuma tana raye?"

Malama ta dube shi, ko dai ta dubi inda take zaton yake. Ta ce, "To ji nan. In ka kai ni kafin a kira sunana, Guzuma ta zauna. In aka tsallake ni, dillali ya san gidan."

Ana gobe za a tafi Ofisa ya fita da ƙafa duba hanya. Ya dawo yana murmushin wanda ya tsinci abin da kowa ya taka ya wuce. Ya ce ya gano burtali, wato irin hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki: wani lungu ne bayan masu sayar da katako, kafin a kai shataletale, ba mota ko ɗaya a cikinsa.

"Ina ya ɓulla?" in ji Tela.

"Bayan asibitin. Akwai ɗan rafi a ƙarshensa, bai kai a ambata ba."

Tela da Mai Kyamis suka ce za su bi su. Tela yana so ya ga gaban shagonsa babu mota ko da sau ɗaya ne, daga nesa ma ya isa. Mai Kyamis kuwa ya ce shi shaida ne kawai.

Da safe Ofisa ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta kaki ta aiki, da dogon takalmin roba, sanda a hannu. Aka sa Malama a gaba aka ɗaure ƙofa. Shaidun biyu suka hau baya. Da taimakon maƙwabta huɗu da gangaren layin, Guzuma ta yi tari ta tashi.

A kan babban titi Ofisa ya fara da ladabi. Duk motar da suka haɗa ido da direbanta sai ya ɗaga hannu. Wani ya zaci zagi ne ya rama da duka yatsunsa biyar. Ofisa ya ce, "Kin gani? Akwai sauran masu tarbiyya."

Can wani mutum a bakin hanya ya ɗago musu hannu. A karkara ba a wuce wanda ya ɗaga hannu. Ofisa ya taka birki, motoci suka yi ta ihu a bayansa.

"Hau baya, bawan Allah!"

Mutumin ya yi turus, sannan ya hau da kayansa. Ashe mai tallan gogen gilashin mota ne. Kafin a kai gada ta farko bayan Guzuma ya ƙunshi shi, da mai sayar da cajar waya, da wata mata mai tiren ayaba, dukansu ba su da inda za su, amma ba su taɓa samun kantin da ke tafiya da kansa ba.

"Ofisa!" Mai Kyamis ya buga rufin mota. "Talla suke yi, ba rage hanya suke nema ba!"

"Wanda ya hau ya hau. Ba a sauke baƙo."

Sai kuma maganar tazara. Ofisa ba ya matse wa motar gabansa, domin a cewarsa wanda ya matse wa saniya ta baya shi ya nemi hauri. Yakan bar fili mai kyau. Duk filin da ya bari, babura su cika shi, tasi ta soko hanci, bas ya biyo. Shi kuma ya ƙara barin wani filin. Ta haka Guzuma ta zama mota ta farko da aka ga tana tafiya gaba amma tana komawa ƙarshen layi.

"Baban yara, danna musu oda mana."

"Ba a danna wa garke oda."

Ya leƙa ta taga ya yi wa wani bas fito irin na makiyaya. Yaron motar ya ce, "Baba, tsuntsu ka ɓatar?"

Ana hango shataletale komai ya tsaya cak. Mota bayan mota har inda ido ya ƙare, rana ta fara ɗagawa, hayaƙi ya tsaya a sama kamar rumfa. Bakin lungun masu katako yana can gaba, ana ganinsa, amma tsakaninsu da shi ko kaza ba za ta ratsa ba. Malama ta kai agogonta dab da hancinta, ta mayar. Wannan duba agogon ya fi oda ƙara.

Ofisa ya kashe inji, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Ya ɗauki sanda.

"Ina za ka?"

"Wurin bijimi. In na kau da na gaba, hanya ta zama tamu. Ki zauna, yanzu zan dawo."

Ya ratsa tsakanin motoci, Mai Kyamis na biye da shi, ya ce shaida ba ta zama a baya. Bijimin da Ofisa ya zaɓa wata babbar mota ce da aka yi wa lodin katifu har sama, tana tsaye daidai bakin lungun. Ya tsaya a gabanta, ya buga sanda a ƙasa, ya nuna lungun.

A birni duk wanda ya sa kaki ya ɗaga hannu ba tare da murmushi ba, hukuma ne har sai an tabbatar da akasin haka. Direban ya leƙo.

"Yallaɓai, ta ɓulla kuwa?"

"Jiya na bi ta da ƙafata."

Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma a kanta komai ya rushe.

Mai katifu ya karya sitiyari ya shiga. Abin da ya biyo baya ya ba Mai Kyamis tsoro, domin ya yi daidai da abin da ake faɗa a kan benci. Motar burodi ta bi. Tasi uku suka bi. Tankar ruwa ta bi, sai bas cike da ma'aikata, sai wani mai baƙar mota mai sanyi wanda bai san inda ake zuwa ba amma ba ya so a riga shi. Ofisa yana gaba da ƙafa, sanda a gicciye a kafaɗunsa, hannuwa a rataye a kanta, yana tafiyar ƙasaita.

"Ka ga ko?" ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Kamar an ja su da zare."

"Na gani. Zaren ne ban ga ƙarshensa ba."

Lungun ya fara tsukewa. Lodin katifu ya kwashe igiyar shanyar wata mata, ya ci gaba da zannuwanta suna kaɗawa kamar tuta. Matar ta fito da muciya.

"Kai mai kaki! Wa ya ce nan titi ne?"

"Yi haƙuri, Inna, garke ne zai wuce."

"Garken uban wa?"

Wani mai aski ya ja kujerarsa da mutum a kanta, rabin kai an aske. Mai katako ya rungume allunansa. Katifa ɗaya ta maƙale a rumfar wani shago ta zauna a can, mai shagon ya dube ta ya ce Allah ya amfana.

Sai aka iso rafin da bai kai a ambata ba. Magudanar ruwa ce ta siminti, zurfinta ya fi tsayin mutum, gefenta a tsaye kamar bango. A samanta akwai 'yar gada ta masu ƙafa, faɗinta ya isa mutum ɗaya da ledarsa. Daga can ƙetare ana hango rufin asibitin ido, fes.

Mai katifu ya sauko a hankali. Ya leƙa ramin, ya dubi Ofisa.

"Baba, ina hanyar?"

"Ga ta. Ka sa giya ta ɗaya, ka sauka a karkace, kada ka taka birki a tsakiya. Ruwan ko idon sawu bai kai ba."

"In sauka ina?"

"Na ƙetare waɗanda suka fi wannan da damina."

"Da siminti?"

Ofisa ya sake leƙawa. Ya ƙwanƙwasa gefen da sanda. Ya ce, "To, gaɓar ta ɗan yi tsaye."

"Tsoho, Allah ya isa tsakanina da kai."

Mai Kyamis ya lura cewa cikin tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba, Ofisa ya sauko daga yallaɓai zuwa baba, daga baba zuwa tsoho. Sunayen da suka biyo baya, da direbobi suka fara isowa da ƙafa, bai yarda ya maimaita mana su ba.

A can babban titi kuwa abin al'ajabi ya faru. Rabin cunkoson ya shige lungu, shataletale ya numfasa, motoci suka kwarara. Titin ya buɗe tas, irin buɗewar da tsofaffin direbobi ke ba jikokinsu labari. Abu ɗaya kawai ya rage a tsakiyarsa: Guzuma, ba direba, ba makulli, mai ayaba tana ciniki daga baya. Nan da nan sabon layi ya fara taruwa a bayanta.

Malama ta jira gwargwadon abin da aure ya wajabta. Sannan ta ja igiyar ƙofa ta ƙi kwancewa, ta tsallaka ta fita ta gefen direba, ta tsayar da mai babur.

"Tela, in ya dawo ka ce na gode."

Bai dawo ba. Janwe ce ta zo, motar hukuma mai kwashe motocin da suka tare hanya. Masu talla suka watse kamar ba a taɓa yin su ba. Tela ya ƙi sauka, ya ce amana aka bar masa, don haka aka ɗaga gaban Guzuma aka ja ta da shi a baya, yana riƙe da hularsa. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa ratsa birni da sauri haka ba.

A cikin lungu, jami'in hanya na gaskiya ya iso da kyar, yana bi ta kan bambar motoci. Ya tarar da Ofisa a kan 'yar gadar, ya tsaya a tsakiyarta inda mutum ɗaya ne kawai zai iya iso shi a lokaci guda. Wannan ita ce dabararsa ta farko da ta yi aiki a ranar. Waya sama da goma suna ɗaukarsa.

"Wane ofishi kake?"

"Sashen lafiyar dabbobi."

"Dabbobi."

"Mai ritaya."

"Wa ya ba ka izinin juya motoci?"

"Ɗana, garke ya tsaya, ba makiyayi. Kai ina kake?"

"Ina inda aka ajiye ni. To tunda kai ne makiyayin, sai ka fitar da su."

A nan Ofisa ya gano wani ɗan bambanci da nazarinsa ya tsallake. Saniya tana juyawa a inda take tsaye. Mota a lungu sai da baya, ɗaya bayan ɗaya, daga ta ƙarshe. Ya wuni yana "zo, zo, tsaya, karya hagu," kuma duk direban da ya fita sai ya sauke gilashi ya bar masa kalma ɗaya ta tunawa. Mai tankar ruwa kuwa famfo ya buɗe daidai lokacin da ya wuce shi.

Ita kuwa Malama tana sa ƙafa a asibiti ana kiran sunanta. Likita ya zaunar da ita, ya ɗora mata gilashin gwaji, yana canza idanunsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa a buɗe take, kuma a ɗakin jira akwai talabijin a bango, mutane sun taru a ƙarƙashinta suna dariya.

"Dubi nesa, Malama. Me kike gani?"

"Hazo."

Ya canza. "Yanzu fa?"

"Mutum da sanda a kan gada."

Ya sake canzawa. "Yanzu?"

"Mijina."

"Kina ganinsa sosai?"

"Fiye da yadda nake so, likita. Bar shi a haka."

Da yamma duk layin ya hallara gaban shagon Mai Kyamis. Ofisa ya iso a jiƙe, takalmin roba yana kuka. Dillali ma ya zo, ba wanda ya kira shi. Malama ta fito ta zauna a kujerar da aka ba ta.

"Baban yara, ka kai ni?"

"An tsallake ki?"

"Ba a tsallake ni ba. Mai babur ya kai ni."

"Ya tsaya a hanya ko sau ɗaya?"

Malama ta yi shekaru tana raba gardamar yara, ba ta iya ƙarya a shari'a.

"Bai tsaya ba. Titin fayau."

"Wa ya buɗe shi?"

"Ofisa," in ji Mai Kyamis, "ka buɗe titi ɗaya ka rufe unguwa guda."

"Ba a yin allura ba a ji zafi ba."

Malama ta yanke hukunci nan take. Bai kai ta ba, saboda haka Guzuma ba za ta sake kwana a birni ba. Ba a tsallake ta ba, saboda haka ba za a sayar ba. Za a karɓo ta daga hannun hukuma a kai ta gonar yayanta, can inda kwalta ta ƙare. Makulli kuma zai zauna a jakarta. Dillali ya tashi ba sallama. Tela ya share gaban shagonsa har sau biyu.

Ranar da aka fara kai Ofisa gonar ziyarar Guzuma, Malama ta ba shi aron makulli suka fita zagaye, har da Tela don a rage masa haushin janwe. Kuma dole a faɗi gaskiya: hanyar tana da kyau kamar yadda ake faɗa a benci. Gonaki kore shar hagu da dama, iska mai sanyi, ba hayaƙi sai na Guzuma. Ofisa ya ɗora gwiwar hannu a taga yana 'yar waƙa. Malama da sabon gilashinta tana ta nuna tsuntsayen da ta daɗe tana zaton sun ƙare a duniya.

Suna karya wata kwana sai ga shanu sun cika hanya daga wannan gona zuwa waccan. Wasu a tsaye, wasu a kwance suna tuƙa. Makiyayin yana can ƙarƙashin bishiya yana danna waya.

Malama ta jawo sanda daga bayan kujera ta miƙa masa.

"Bismillah. Ga garke na gaske."

Ofisa ya dubi sandar. Ya dubi wani jibgegen bijimi da ya kafa masa ido. Ya ce, "Na yi ritaya." Ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan a hankali ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar sitiyari ya danna.

Odar Guzuma, wadda ba a taɓa ba tun tana shuɗiya, ta fitar da wani siririn kuka kamar na ɗan akuya mai mura. Bijimin ya taso, ya shinshina fitilar gaba, ya juya ya kwanta a jikin bamba.

Malama ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Kashe injin, Baban yara. Wannan bai san kaki ba."